Wa ya kamata a fara dubawa, ƙwararren da ke waje ko wanda ya riga ya shiga ƙasa?

Abban_Hafsat_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina, kuma na san a wannan zaure akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar, shi ya sa na kawo ta nan. Mu biyu ne maza a ɗakinmu. Ƙanena ya tafi Ostireliya karatun digiri na biyu a fannin injiniya a 2018, ya gama, ya samu aiki a birnin Adelaide, ya kuma shigar da takardunsa na neman izinin zama na dindindin. A watan Yulin 2022 ministar harkokin cikin gida ta ƙasar a lokacin, Clare O'Neil, ta sanar cewa za a fara duba takardun ƙwararru kusan 60,000 da suka nema daga wajen ƙasar, musamman ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da masu kula da tsofaffi. A daren ya kira ni, muryarsa tana rawa, ya ce, "Yaya, shekara huɗu ke nan ina ƙasar nan, ina aiki ana cire mini haraji, yau an ce wanda bai taɓa taka ta ba ya shiga gabana." Na ba shi haƙuri, kuma har cikin raina na yarda ba a kyauta masa ba.

Yau kuma abin ya juyo kaina. Ni akanta ne a nan Sakkwato, shekarata 36, kuma na jima da saka sunana a tsarin Express Entry na Kanada, wato layin da ƙwararru ke shiga domin neman izinin zama na dindindin a ƙasar. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Kanada ta rage yawan waɗanda za ta ba izinin dindindin a 2025 zuwa 395,000, ta kuma ce sama da kashi 40 cikin 100 na wannan adadi za su fito ne daga cikin baƙin da suka riga suna zaune a ƙasar. Da na kai wa ƙanena kuka, sai ya ce mini ai wannan shi ne adalci. Mun yi musu har Inna ta lura mun rage kiran juna. Tambayata ita ce, idan ƙasa tana neman ƙwararru kuma gurbin bai isa kowa ba, wa ya fi cancanta a fara dubawa, wanda ke waje yana jira, ko wanda ya riga ya shiga?

Malama_Rabi_Arkilla:
Wa alaikumus salam, Abban Hafsat. Allah ya daidaita tsakaninku. Ni a ganina ƙanenka ya fi ka gaskiya, kuma ina faɗin haka ne da sanin cewa ba zai yi maka daɗi ba. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Mutumin da ya sayar da filinsa ya biya kuɗin makaranta, ya kama haya, ya saka 'ya'yansa a makarantar unguwa, ya saba da maƙwabta, idan aka ce masa ya tattara ya koma, rayuwa guda ce aka rushe. Kai kuwa idan ba a kira ka bana ba, kana nan cikin gidanka da aikinka da danginka, abin da ka rasa buri ne kawai, ba matsuguni ba.

Muktar_Winnipeg:
Yaya Abban Hafsat, ina so in gyara wata fahimta kafin a yi nisa. Kanada ba ta rufe ƙofa ga na waje ba, amma gaskiya ne ma'aunin ya karkata. Tsarin nan maki ake tarawa, mafi yawansa 1,200, kuma wanda ya yi karatu a Kanada ko ya yi aiki a cikinta yana da makin da kai ba za ka samu daga Sakkwato ba ko da ka fi shi iya aikin. Ban da haka, a cikin zagayen gayyata, wato lokutan da ake kiran masu maki mafi yawa su shigar da takardunsu, akwai waɗanda ake warewa ga masu ƙwarewar aiki a cikin ƙasar kaɗai. Wannan ma ba sabon abu ba ne. Lokacin korona, da iyakoki suke rufe, an dakatar da gayyatar ƙwararrun waje tun daga ƙarshen 2020 har zuwa watan Yulin 2022. A ranar 13 ga Fabrairun 2021 an gayyaci mutum 27,332 a zagaye ɗaya, dukkansu masu ƙwarewar aiki a Kanada, kuma makin da aka tsaya a kai 75 ne kacal, alhali a da sai mutum ya haura 400 da yawa kafin ya sa rai. A shekarar kuma aka buɗe wata hanya ta musamman mai gurbi 90,000 domin ma'aikata da ɗaliban da ke cikin ƙasar. Ni kaina ta wannan ƙofa na shiga, saboda haka ba zan ɓoye cewa na ci moriyar abin da kake kuka da shi ba.

Abban_Hafsat_Mabera:
Na gode Muktar da ka faɗi gaskiya a kan kanka. Amma Malama Rabi, da girmamawa, ban yarda cewa buri kawai na rasa ba. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake yi ya mutu. Sau uku ina hawa mota daga nan zuwa Abuja domin in sake rubuta ta, kowace tafiya da kuɗin jarrabawa da na mota da na masauki. Sunan da mutum ya saka a tsarin wata 12 yake yi, sai an sabunta. Abin da ya fi ciwo shi ne shekaru, domin cikakken makin shekaru na 'yan 20 zuwa 29 ne, daga nan kowace shekara sai an zabge wani abu, har ya ƙare gaba ɗaya a 45. Duk ranar da shekarata ta zagayo, maimakon in yi hamdala da zuciya ɗaya, sai in tsinci kaina ina lissafin makin da ya zube. Wanda ke waje shi ma jiran yana cin sa, illa dai ba a ganinsa.

Injiniya_Sambo_Perth:
Ni ina Ostireliya, kuma na ga abin da ƙanen Abban Hafsat ya gani da idona. Ya kamata a fahimci dalilin da gwamnati ta bayar a 2022, ko da mutum bai yarda da shi ba. An rufe iyakar ƙasar a watan Maris na 2020, ba a buɗe ta gaba ɗaya ba sai Fabrairun 2022, asibitoci da makarantu suka rasa ma'aikata, takardun biza da ba a duba ba suka taru har suka kusa miliyan ɗaya. Lissafinsu shi ne, idan ka ba wanda ke cikin ƙasa izinin dindindin, ba ka ƙara ko hannu ɗaya a wurin aiki ba, domin da ma yana aikin, takardarsa kawai ka canza. Idan kuwa ka kawo ma'aikaciyar jinya daga waje, ka cike gurbin da babu kowa a cikinsa. A kan wannan tunani aka fitar da umarnin minista mai lamba 100 a watan Oktoban 2022, wanda ya sa ma'aikatan lafiya da malamai a gaba, ya kuma fifita wanda ya nema daga waje a cikin kowane rukuni. A watan Satumban shekarar ne kuma aka ɗaga yawan gurbin dindindin daga 160,000 zuwa 195,000.

Lissafin yana da ma'ana a kan takarda, amma akwai abin da bai ƙidaya ba. Na zauna gida ɗaya da wani bawan Allah da ya shafe fiye da shekara biyu a kan bizar riƙon ƙwarya, wato wadda ake ba mutum ya zauna da ita kafin a yanke hukunci a kan takardunsa. Duk kamfanin da ya nemi aiki mai kyau, da zarar an ga irin bizarsa sai a ce za a neme shi. Banki ba ya ba shi bashin gida. Ko fita ƙasar zai yi, sai ya nemi wata biza ta daban da za ta ba shi damar dawowa. Mahaifiyarsa ta yi jinya ta rasu yana ta jeka-ka-dawo a kan wannan takarda. Na gan shi zaune a ɗakin girki da asuba, waya a hannu, yana sauraron yadda ake jana'izar daga nesa. Shi ya sa idan aka ce takarda kawai aka canza, ba na iya yin shiru.

Hajiya_Luba_Gawon_Nama:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan mahaifiyarsa. Injiniya, wannan labari ya isa hujja a wurina. Duk wanda aka riga aka karɓa, aka ci guminsa, to a sallame shi tukuna kafin a kira wani.

Lauya_Shehu_RunjinSambo:
Hajiya, ina tare da ke a tausayin, amma akwai wani ɓangare da ya kamata mu kalla ba tare da son rai ba. Su waye suke iya shiga waɗannan ƙasashe tun farko da bizar karatu? 'Ya'yan masu hali ne, waɗanda za su iya nuna kuɗin makaranta da na zama a asusun banki. Yaron da ya fi kowa ƙoƙari a ajinsu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda mahaifinsa manomi ne a Rabah, ba shi da wannan hanya. Hanyarsa ɗaya ita ce ya yi aiki a gida, ya ƙware, ya ci jarrabawar Turanci, ya nema daga nan. Idan aka ce kullum na ciki ne a gaba, to an mayar da izinin zama abin da ake saya da kuɗin makaranta, kuma ƙwarewa ta koma baya. Abban Hafsat ya yi shekaru yana riƙe da littattafan kuɗi na gaske, amma yaron da ya gama kwas na shekara biyu ya yi aikin shekara ɗaya zai iya wuce shi a maki. Ban ga yadda za a kira wannan fifita ƙwararru ba.

Sannan a fuskar doka, bizar karatu ba alkawarin zama ba ce. Mai neman ta a Kanada sai ya gamsar da jami'i cewa zai bar ƙasar idan wa'adinsa ya cika.

Muktar_Winnipeg:
Lauya, ranka ya daɗe, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce a rubuce, amma ba haka aka tallata mana abin ba. Wakilan makarantu da 'yan kamasho da suke zuwa Abuja da Kano suna tara ɗalibai a otal, abin da suke faɗa shi ne ka yi karatu, ka yi aiki, ka zauna. Gwamnatin ma ta gina hanyar da kanta, tunda ita ta ƙirƙiri izinin aiki na bayan kammala karatu, ita kuma ta ware maki ga wanda ya yi karatu a can. Da hannu ɗaya ana cewa ka sa hannu za ka koma, da ɗaya hannun ana nuna maka ƙofar zama. Da mutane suka yi yawa, gidaje suka yi tsada, sai a watan Janairun 2024 aka sa iyaka ga yawan bizar karatu, a watan Maris kuma aka ce za a rage baƙi masu zaman wucin gadi zuwa kashi 5 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Fifita na ciki da Yaya Abban Hafsat yake gani, ba tausayi ne ya kawo shi ba. Hanya ce ta rage adadin masu zaman wucin gadi ba tare da an ƙara sababbin masu neman gidan haya ba. Kuma gurbin bai kai yawan masu jira ba, saboda haka da yawa daga cikin na cikin ma izininsu yana ƙarewa suna tattara kaya.

Nas_Asma'u_Leeds:
Ina so in kawo misalin Birtaniya, domin a can an ga abin da ke faruwa idan aka ci gaba da ɗebo mutane daga waje alhali na ciki suna zaune babu aiki. Bayan an buɗe bizar masu kula da tsofaffi a 2022, kamfanoni barkatai suka samu lasisin ɗauko ma'aikata. Wasu na gaskiya ne, wasu kuwa sayar da takardar ɗaukar aiki kawai suke yi. Gwamnati ta soke lasisin sama da 470 a wannan fanni tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024, kuma duk wanda bizarsa ke rataye da irin wannan kamfani sai ya wayi gari ba shi da aiki, ba shi da mai tsaya masa. Na san wata baiwar Allah daga Arewa da ta sayar da gwala-gwalanta da gadon mahaifinta ta biya wani ɗan kamasho, ta iso ta tarar babu aikin. Wata uku tana kwana a falona. A daidai wannan lokaci wasu kamfanonin suna ci gaba da kawo sababbi daga waje. Sai a watan Afrilun 2025 aka wajabta wa masu ɗaukar irin waɗannan ma'aikata a Ingila su fara neman waɗanda ke cikin ƙasar da suka rasa mai tsaya musu kafin su leƙa waje, a watan Yuli kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. A irin wannan hali ban ga mai hankalin da zai ce a tsallake ta a kawo wata ba.

Lauya_Shehu_RunjinSambo:
Malama Asma'u, a wannan misali na yarda da ke ɗari bisa ɗari, domin aiki iri ɗaya ne, kuma mai yin sa tana nan a ƙasa tana jira. Inda nake da ja shi ne inda na ciki ba shi da ƙwarewar da ake nema, amma aka sa shi gaba don kawai ya riga shiga.

Dakta_Nasiru_Skt:
Ku yi mini haƙuri zan ɗan karkata, amma maganar ba ta rabu da tambayar ba. Duk lokacin da wata ƙasa mai arziki ta ce za ta fifita ma'aikatan lafiya daga waje, ku tambayi kanku daga wace wajen. Daga wurinmu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 a 2023 waɗanda ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a daina zuwa farautar ma'aikata a cikinsu, kuma Najeriya tana ciki. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar zuwa bakwai. Ni ba a jarida nake karanta wannan ba. A sashen da nake aiki, jadawalin kwanan asibiti da muke rabawa mu da yawa yanzu ya koma kan 'yan kaɗan, kuma mai haƙuri da aka ɗauko tun daga Isa ko Sabon Birni cikin wannan hali na rashin tsaro yakan wuni a kan benci kafin a kai kansa. Saboda haka idan Kanada ko Birtaniya suka ce za su fara da waɗanda ke hannunsu, ni a matsayina na wanda ya rage a gida ina samun sauƙi. Wanda ya tafi ya riga ya tafi, a ba shi takardarsa ya huta, a bar mana sauran.

Nas_Asma'u_Leeds:
Dakta, Allah ya saka maka da alheri a kan zaman da ka yi, kuma ban raina shi ba. Amma kada mu ɗora wa tsarin wata ƙasa aikin da ya rataya a wuyan tamu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ban bar gida don an fifita ni a wani layi ba, na bari ne bayan na yi watanni ina aiki babu albashi, ina sayen safar hannu da kuɗina. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin da zai hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida, har ya tsallake karatu na biyu, kuma kowa ya ga yadda likitoci suka tayar da jijiyar wuya. Ɗaure mutum ba ya sa ya zauna da zuciya ɗaya. Ko an rufe ƙofar Ingila, ta Saudiyya a buɗe take, kuma ka fi ni sanin yawan abokan aikinka da suke can.

Dakta_Nasiru_Skt:
Ban goyi bayan wancan ƙuduri ba, ƙanwata, kuma ban zarge ki ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, a cikin lissafin wa za a fara dubawa, akwai mutum na uku da ba a taɓa tambayarsa, wato majinyacin da aka bari a baya.

Baba_Malam_Wurno:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina so in tuna muku cewa mu ma mun taɓa zama ƙasar da ake zuwa. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya shigo aka buɗe makarantu ko'ina, malaman da suka riƙe sakandarenmu a tsohuwar Jihar Sakkwato da yawansu baƙi ne, daga Gana da Indiya da Pakistan da Masar. A makarantar da na fara koyarwa akwai wani malamin lissafi ɗan Gana da ya yi shekara bakwai tare da mu. Ya iya Hausa har yana ciniki da ita a kasuwa, ya san gidan kowane ɗalibi, idan yaro ya daina zuwa shi yake hawa kekensa ya je ya roƙi uban. Duk wannan zama a kan kwantiragi yake, ana sabunta masa guntu-guntu, ba a taɓa ce masa ya zama namu ba. A watan Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar. Shi yana da takardunsa, amma ya ga yadda ake kallon 'yan ƙasarsu, ya ga babu wani tabbaci a gabansa, sai ya ɗaure kayansa a ƙarshen zangon. Ni na raka shi tasha. Ya ba ni akwatin allinsa da littafin da yake rubuta sunayen ɗalibai masu rauni. Shekara biyu ajin nan ba shi da malamin lissafi, daga baya aka kawo wani sabo wanda ko gaisuwa bai iya ba, kuma bai cika shekara ba ya tafi.

Ban ce wannan ya amsa tambayar Abban Hafsat ba. Amma Injiniya Sambo ya ce lissafin gwamnatin can shi ne na ciki ba ya ƙara hannu. To na ciki yana iya rage hannu idan ya gaji ya tafi, kuma hannun da ya saba da aikin wuri ba a maye shi da sabo rana ɗaya.

Injiniya_Sambo_Perth:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Abin da ka faɗa shi ne kusan abin da kwamitin da gwamnatin Ostireliya ta kafa a ƙarƙashin Martin Parkinson ya gano a rahotonsa na 2023, cewa tsarin ya tara jama'a masu yawa da suka dawwama a zaman wucin gadi, suna tsalle daga wannan biza zuwa waccan, kuma irin waɗannan su ne masu ɗaukar aiki suka fi cuta, domin wanda zamansa ke hannun maigidansa ba ya iya ɗaga murya.

Ɗan_Illela:
Ni ɗan kasuwa ne, ban yi zurfi a boko ba, amma ina da abin faɗa a kan maganar Lauya. Ba duk na waje ne aka bari a baya ba. Tun 2023 Kanada take ware zagaye na musamman ga wasu rukunoni, ciki har da ma'aikatan lafiya da masu jin Faransanci, kuma makin masu Faransanci yakan sauko ƙasa da na sauran. Ɗan abokin cinikina a Birnin Ƙonni, wanda ya yi karatunsa a Yamai, ta nan ya samu, bai taɓa fita Afirka ba kafin nan. Tsakanin Illela da Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce, harshenmu ɗaya, abincinmu ɗaya, amma shi an kira shi, ɗan'uwansa na wannan gefen yana nan yana jira. Wannan ya nuna mini cewa su ba maganar ciki ko waje ce ta dame su ba, abin da suke buƙata a wannan shekara shi suke bi. Abban Hafsat, idan da hali ka nemi malamin Faransanci, ga su nan da yawa a garin nan.

Malama_Rabi_Arkilla:
Ina so mu kuma duba kanmu. A nan gida, idan kamfani zai kawo baƙo daga waje sai ya nemi gurbin ma'aikatan ƙetare daga ma'aikatar harkokin cikin gida, kuma manufar ita ce a koya wa ɗan ƙasa aikin ya gaje shi. A watan Fabrairun 2024 har haraji aka ƙaddamar a kan ɗaukar baƙi aiki, dala 15,000 a kan darakta da 10,000 a kan sauran, kafin a dakatar da shi a watan Maris da 'yan kasuwa suka koka. Duk cikinmu babu wanda zai ji daɗi a ce an tsallake injiniyoyinmu da ke zaune a Sakkwato an ɗauko wani daga waje ya yi aikin da suka iya. To me ya sa muke jin haushi idan wata ƙasa ta ce za ta fara da wanda ke gabanta?

Lauya_Shehu_RunjinSambo:
Malama, misalin bai yi daidai ba. Abin da kika kawo tsakanin ɗan ƙasa ne da baƙo, kuma babu mai musun cewa ɗan ƙasa ne a gaba. Muhawararmu tsakanin baƙo ne da baƙo, ɗaya ya samu kuɗin shiga da wuri, ɗaya bai samu ba. Da ni ake tambaya, da na ce a raba gurbin gida biyu a bayyane, a faɗi kason kowane ɓangare tun farkon shekara, a kuma yanke wa'adin da ba za a wuce ba kafin a ba mutum amsa, ko ta samu ko ta rashi. Abin da ya cuci ƙanen Abban Hafsat a 2022 da abin da yake cutar Abban Hafsat yau abu ɗaya ne, wato an canza doka bayan mutum ya riga ya zuba kuɗinsa da shekarunsa a kan tsohuwar.

Muktar_Winnipeg:
Raba gurbi ba zai hana kuka ba, Lauya, domin duk kason da aka yanka wani zai ce an tauye shi. Amma maganar wa'adi na karɓe ta hannu biyu. Da an ce mini tun farko shekara kaza za ka jira, kuma ga iyakar damarka, da na san yadda zan tsara aurena da komai.

Abban_Hafsat_Mabera:
Na gode muku gaba ɗaya, musamman Baba Malam da Injiniya Sambo. Har yanzu ina ganin Lauya ya faɗi abin da ke raina game da ɗan manomin Rabah, kuma ban janye ba cewa na waje ma ana cin shekarunsa. Sai dai labarin mutumin da ya saurari jana'izar mahaifiyarsa ta waya ya hana ni barci, domin Inna ta tsufa, kuma ban taɓa tambayar ƙanena dalilin da ya sa ya yi shekaru bai zo gida ba, na ɗauka kuɗin jirgi ne. Jiya bayan sallar isha'i na kira shi na tambaye shi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a lokacin tsoro yake ji kada ya fito wani abu ya taɓa takardunsa yana waje. Mun yi kusan awa ɗaya muna magana, kuma ya ce in sha Allahu zai zo da babbar salla. Ɗan Illela, don Allah ka turo mini bayanin malamin Faransancin ta akwatin sirri, zan gwada, ko da yake sakamakon jarrabawata ta Turanci zai mutu nan da wata biyar kuma ban yanke shawarar ko zan sake hawa motar Abuja ba.

Hajiya_Luba_Gawon_Nama:
Allah ya kawo shi lafiya, ya sa Inna ta gan shi da idonta. Injiniya Sambo, shi wancan bawan Allah da kuka zauna gida ɗaya, daga baya an ba shi takardar, ko har yanzu yana jira?